Ranar da Tsamiya FM Ta Yi Shiru

Nneamaka na tsakiyar gaya wa mutanen Gombe cewa ana sa ran ruwa da yamma, sai allurar ma'aunin sauti da ke rawa a gabanta ta kwanta. Ta ƙarasa jimlarta duk da haka, don ba ta saba barin magana a rabi ba. Ta ƙwanƙwasa makirfo da farce, ta hura shi, sannan ta cire abin kunne ta nufi ɗaki na ƙarshe a barandar gidan rediyon.

Ɗakin Yuguda ne, kuma shi kaɗai ne ɗakin da na'urar sanyaya iska ke aiki a duk gidan. Ba don Yuguda aka sa ta ba, don kwamfuta aka sa. Ta same shi da ƙosai a hannu, ya kai rabin hanyar baki ya tsaya, idonsa a kan wani jan rubutu.

"Oga Yuguda, ba a jin mu."

"A ina?"

"Ko'ina. Me ka taɓa?"

"Ni? Me zan taɓa da sassafen nan?"

Ta dubi jan rubutun, ta dube shi. Ya ajiye ƙosan.

Shekarun Yuguda arba'in da bakwai, kuma ana kiransa Injiniya, ko da yake takardar da ke akwatinsa ba ta kai ga faɗin haka ba. Shi ne shekara biyu da suka wuce ya shawo kan Manaja a rabu da tsohuwar na'urar haɗa sauti, a mayar da komai cikin kwamfuta ɗaya mai manhajojin kyauta waɗanda shi da kansa yake haɗawa. Tsohuwar na'urar yanzu tana Tudun Wada wajen wani mai ba da hayar lasifika, tana halartar bukukuwa cikin ƙoshin lafiya. Saboda haka duk abin da zai fita daga Tsamiya FM, ko tari ne, sai ya bi ta ƙarƙashin teburin Yuguda.

A cikin kwamfutar akwai wani abu da masu sana'ar ke kira laburare, ko da yake babu littafi ko ɗaya a ciki. Tarin umarni ne na sarrafa sauti, wanda manhajoji ke aro maimakon kowace ta yi nata, kamar turmi ɗaya a tsakar gidan haya. Wata biyar ana aiko wa Yuguda sanarwar cewa sabon ya fito, yana kau da kai. Da safiyar wannan Alhamis ya karanta cewa sabon yana kawar da wani ɗan siririn tsaki da ke bin sauti, tsakin da duk jihar Gombe shi kaɗai yake ji. Ya sauke, ya ɗora, ya sake kunna manhajar watsa shiri don ta ɗanɗana. Sai gari ya yi tsit. An kawo sabon turmi mai kyau, amma taɓaryar kowa ba ta shiga.

Sai a lokacin ya karanta bayanin da ya zo da sabon laburaren. Layin farko, da manyan baƙaƙe, ya ce duk manhajar da ta dogara da tsohon dole a sake haɗa ta daga tushe. Tsohon kuwa ya riga ya share shi, don Yuguda mutum ne mai tsafta.

"Garin neman gira," in ji Nneamaka. Ba ta ƙarasa ba, a karo na farko a rayuwarta, saboda tausayi.

Ya sa kwamfutar ta ƙirgo manhajoji marasa lafiya. Talatin da ɗaya. Ita da kanta ta jera su: ƙanana a gaba, waɗanda ke zaune a kan ƙananan a bayansu, manhajar watsa shiri a can ƙarshe, don ita a kan kowa take zaune. Ya yi lissafi a bayan takardar ƙosai. Kusan awa biyu. Ƙarfe tara ta yi, sha ɗaya ke nan za a gama. Ya danna, fankar kwamfutar ta ɗauki gurnani, shi kuma ya shafa aljihun gaban rigarsa.

Abin da ke aljihun ya fi shirun gidan rediyo nauyi a wurinsa. Takarda ce daga surukinsa, Alhaji Sule, tsohon ɗan kasuwar hatsi a Tudun Hatsi. An dawo da ɗaurin auren Saifullahi, ƙanen Batul matar Yuguda, daga bayan Juma'a zuwa ƙarfe goma na safe, kuma daga Tudun Wada zuwa Tumfure, ƙofar gidan kawun amarya, wanda ya tuna a makare cewa shi ne waliyyi. Mutanen gari an gaya musu ta waya. Amma abokan Alhaji na ƙauyukan Dukku da Bajoga da Kumo, tsofaffin da suka yi shekara arba'in suna auna masa gero, ba waya ce ke kai musu labari ba. Filin sanarwa na ƙarfe ɗayan rana suke ji, sau ɗaya a yini, daga nan su kashe rediyo don kada batir ya ƙare. In ba su ji yau ba, gobe za su iso wani masallaci dabam bayan an watse.

Shekara goma sha takwas Yuguda yana auren Batul, Alhaji Sule bai taɓa neman komai a wurinsa ba. Yana da suruki likita, yana da suruki ɗan kwastan. Wannan ce rana ta farko da aka buƙaci surukin da ke gidan rediyo. Kuma da Batul ta miƙo takardar, Yuguda ya ce, yana sakace, "Ki ce wa Baba ya kwantar da hankalinsa. Gidan rediyon nan a tafin hannuna yake."

Ya ciro takardar ya miƙa wa Nneamaka. Ta karanta, ta ninke, ta sa a jaka.

"Zan karanta ta sau uku," ta ce. "Kai dai ka samo mini wanda zai ji."

Takwas na farko suka wuce cikin minti goma. Ta tara kuwa giwa ce, minti arba'in take ci, kuma in aka katse ta sai ta koma farko. Ta yi minti ashirin da biyar tana tafiya, sai ƙamshin turare ya shigo, Manaja na biye.

Manaja, Alhaji Sharfaddeen, kafin ya zo rediyo, shekara ashirin ya yi a wata ma'aikata yana tsara wa manya kujeru a wajen taro. Ya yi imani cewa yawancin fitinun duniya daga zaman da ba a tsara ba suke tasowa. In ransa na fari yakan ce Injiniya.

"Yuguda," ya ce.

"Ranka ya daɗe. Ana kan gyara. Sha ɗaya in Allah ya so."

Manaja ya sa tabarau ya sunkuya kan jerin. "Wannan ta farko ta wane ofishi ce?"

"Ba ta kowa ba ce, Yallaɓai. 'Yar ƙarama ce, saurin sauti take daidaitawa."

"Ta biyu fa?"

"Ita ma haka."

"Wadda nake ɗaukar shirina da ita fa?"

Yuguda ya bi jerin da yatsa, ya yi ta bi. "Ta ashirin da tara."

Manaja ya cire tabaran a hankali. "A gidan da nake Manaja."

"Yallaɓai, ai ita taka a kan waɗannan ƙananan take zaune."

"Haka ya kamata. Shi ya sa za a fara da ita."

Yuguda ya san amsar wannan magana, har ta hau kan harshensa. Amma mutum ne da tun yana yaro in yana layin alwala babba ya zo yakan miƙa buta, in yana kujerar aski babba ya shigo yakan tashi da rabin kai. Hannunsa ya riga bakinsa. Ya danna maɓallai biyun da ke tsayar da aiki, minti ashirin da biyar na giwa suka bi iska. Ya umarci kwamfutar ta fara da ta ashirin da tara.

Kwamfuta ba ta musu. Ta yi minti ashirin da wani abu tana aiki bil haƙƙi, rubutu na gudu, Manaja na tsaye hannu a baya yana gyaɗa kai kamar mai duba fareti. A mataki na ƙarshe ta nemi ƙananan da za ta jingina da su, ta tarar ba su tashi ba, ta zube da jan rubutu.

"Me ta ce?"

"Ta ce sai an yi na gabanta."

"To, aƙalla an ba ta haƙƙinta," in ji Manaja, ya fita.

Ƙarfe goma Yuguda ya sake tayar da giwa. Ya cinye ƙosan da ya huce. Batul ta kira ta ce Baba ya aiko a tambaya ko lafiya, rediyonsa ba ta magana. Ya ce ta ce masa gyare-gyare ake na musamman saboda sanarwar.

Saura minti biyar giwa ta haye, aka yi sallama da muryar da har yau take sa Yuguda gyara zama. Malam Usaini ne, shugaban sashen labarai, wanda kafin ya shiga aikin jarida ya koyar da aji huɗu a firamaren da Yuguda ya yi.

"Na ji an gwada ta Manaja," ya ce. "Ba ni da ja. Muƙami muƙami ne. Amma bayan muƙami sai shekaru."

"Malam, wallahi ko an gwada ba za ta yi ba. Taka ta ashirin da shida ce."

"Ni na koya maka ƙirga, Yuguda. Na san inda ashirin da shida take."

"Minti biyar kawai, Malam, wannan ta gama."

"Labaran sha biyu ba sa jiran minti biyar. In ta ƙi, ta ƙi a gabana, in san na zo an karɓe ni. Ko sai mai turare ake tsayar wa aiki?"

Yuguda ya dubi giwa, ya dubi hannun da ya taɓa zane shi a kan bakwai sau takwas. Ya danna maɓallan nan biyu.

Ta ashirin da shida ta yi minti ashirin, ta faɗi a daidai inda 'yar'uwarta ta faɗi. Malam Usaini ya ce, "Madalla, yanzu na gani da idona," ya sa masa albarka ya tafi.

Nneamaka, wadda ta ga komai daga bakin ƙofa, ta shigo ta tsaya a kansa.

"Oga Yuguda, bakinka ciwo yake? Ka ce a'a mana."

"Ke ba za ki gane ba."

"A Tudun Wada aka yanke cibiyata, na gane sarai. Shi ya sa nake tambaya. Yanzu in ka tayar, yaushe za ta gama?"

Ya duba agogo. Sha ɗaya daidai. "Ɗaya saura kwata. In ba wanda ya sake shigowa."

"Mu kulle ƙofa."

"Makullin na wurin Manaja."

Ta yi tsaki, irin wanda kowa ke iya ji, ta fita. Ya tayar da giwa karo na uku, ya ɗaga hannuwansa daga teburin ya zauna a kansu.

Sha ɗaya da rabi turare ya dawo, wannan karon da sauri.

"Yuguda, Hajiya mai gidan rediyo ta kira ni sau biyu. Na yi magana da ɗan ƙanwata, yana karatun kwamfuta a Indiya. Ya ce abu ne mai sauƙi. A kashe ta daga bango, a ƙirga goma, a kunna."

"Ranka ya daɗe, in aka kashe ta yanzu..."

"A Indiya yake karatu, Yuguda."

In aka kashe, giwa ta koma farko, sai ɗaya da kwata a gama, tsofaffin Dukku sun kashe rediyo sun tafi masallaci. Yuguda ya san wannan kamar yadda ya san sunansa. Ya kuma ga hannunsa na dama ya zame daga ƙarƙashinsa, ya kama hanyar soket ɗin da ke bango a gefen tebur, kamar hannun wani.

"Salamu alaikum. Oga Yuguda, ka yi baƙo. A bakin get na same shi."

Nneamaka ce, a bayanta wani dogon tsoho cikin farar babbar riga, sanda a hannu ɗaya, 'yar rediyo mai eriya a hammata. Yuguda bai san lokacin da ya bar kujera ba. Ya dai tsinci kansa a tsugune a kan tayil, hula ta karkace, ido a ƙasa.

"Baba, barka da zuwa. Baba, ina kwana. An zo lafiya, Baba."

"Lafiya lau," in ji Alhaji Sule, yana duban bango, don shi ma bai taɓa duban surukinsa ido da ido ba.

Kujera ɗaya ce a ɗakin. Nneamaka ta jawo ta, ta kaɗe ta da gyalenta, ta jingina ta da bango a gefen tebur. "Baba, bismilla." Tsohon ya zauna, ya baza riga. Rigar ta rufe hannun kujera, ta rufe rabin kibod, ta rufe soket da duk abin da ya dangance shi.

Manaja ya rusuna ya gaishe shi. Alhaji ya ce ba wani abu ya kawo shi ba, rediyonsa ce tun safe take hura iska, ya ce bari ya zo gidan rediyon ya ji ko daga nan ne ko daga batir. Ya ɗora ta a cinya, a kunne, tana shuuu.

"Ɗan gyara ne, Baba, yanzu za a gama," in ji Manaja. "Da za mu ƙarasa ofishina, akwai kujeru masu taushi."

"A'a, ɗana. Tsoho inda ya zauna nan ne gidansa. Ga sanyi kuma. Harshenka na Kano ne. Ɗan wane gida ne?"

Manaja ya faɗa. Alhaji ya buga sanda a ƙasa. Ashe ya san mahaifinsa, sun yi cinikin gero a Dawanau shekarar da aka yi fari. Akwai ma wata mota da suka yi haya tare, ta lalace musu a Darazo, kwana uku.

Manaja ya sunkuyo wajen Yuguda ya yi ƙasa da murya. "Soket ɗin."

"Na'am, Yallaɓai," in ji Yuguda, bai motsa ba.

Manaja ya dubi inda soket yake. Ya ga cewa duk wanda zai kai gare shi sai ya cusa hannu ƙarƙashin rigar dattijo, kuma wanda ake so ya cusa ɗin mijin 'yarsa ne. Shekara ashirin na tsara kujeru ba su tanadar masa mafita ba. Ya miƙe, ya haɗa hannu a gaba, ya ce, "Ikon Allah. Darazo kuma, Baba?"

Yuguda ba ya iya ɗaga kai ya ga allon kwamfutar, amma yana jin fanka. In tana haɗa manhaja takan yi gurnani, in ta gama takan sauke numfashi kaɗan kafin ta ɗauki ta gaba. Ana kwana na farko a Darazo ya ji dogon numfashi: giwa ta haye. Ya fara ƙirgawa a gaɓoɓin yatsunsa. Goma. Sha ɗaya. Ƙafarsa ta dama ta fara tsami, ta yi zafi, daga baya ta daina aiko da labari gaba ɗaya.

Sau biyu labarin ya nemi ƙarewa. Na farko Nneamaka ta kawo shayi. Na biyu, da Alhaji ya dafa sanda kamar zai tashi, ta ce, "Baba, to direban fa? Ya dawo da ƙarfen?"

"Yawwa, 'yata, kin tuna mini. Wannan direba, Allah ya jiƙansa, maƙaryaci ne."

Malam Usaini ya leƙo da niyyar magana, ya ga furfurar da ta girmi tasa, ya gaisa ya samu bango ya jingina. Wayar Manaja ta yi ta ruri a aljihu, bai ɗauka ba. Ashirin da shida ta wuce, mai ita na tsaye bai sani ba. Ashirin da tara ma haka. Yuguda ya kai ƙarshen yatsunsa ya sake zagayowa, leɓɓansa na motsi. Alhaji ya saci kallonsa sau ɗaya ya gyaɗa kai, don yana son mutum mai yawan tasbihi.

Ɗaya saura minti goma sha uku fanka ta sauke numfashi, ba ta sake ɗauka ba. Yuguda ya ɗan ɗaga gira wajen Nneamaka. Ta tattara kofuna ta fita. A labarin Alhaji aka kai gero Gombe, aka sauke, aka tarar buhu biyu sun jiƙe. Sai rediyon da ke cinyar Alhaji ta daina shuuu, ta yi gyaran murya, ta yi sallama da muryar Nneamaka.

Alhaji ya ɗaga ta, ya jijjiga, ya kai kunne. "Ka gani ko? Batir ne. Sai ya huta yake kamawa."

"Haka ne, Baba," in ji Manaja da Malam Usaini a tare.

Ƙarfe ɗaya aka karanta sanarwar ɗaurin auren Saifullahi, ƙarfe goma na safe, a Tumfure, sau uku, da sunan kowane ƙauye. Alhaji ya saurara ido a rufe. Da aka gama ya miƙe ya yi wa gidan addu'a, Manaja ya raka shi har bakin titi yana riƙe masa rediyo. Yuguda ya so ya raka, ƙafafunsa suka ce ba da su ba. Sai da mai gadi da Malam Usaini suka kama shi ta hammata.

Washegari tun tara da rabi motocin Dukku da Bajoga suka cika layin kawun amarya, har aka ƙaro tabarmi daga maƙwabta. Yuguda ya halarta yana ɗingishi, ya zauna a sahun baya kusa da likita da ɗan kwastan, waɗanda ba a nemi komai a wurinsu ba.

Da la'asar Batul ta dawo daga gidan biki ta same shi a tsakar gida yana shafa man zafi a gwiwa. Ta ajiye kwanon waina ta zauna.

"Baba ya yaba maka ƙwarai. Ya ce duk cikin surukansa babu mai ladabinka."

Yuguda ya ci gaba da shafawa, yana ƙoƙarin kada fuskarsa ta nuna komai.

"Amma ya ce in tambaye ka a hankali, kada ranka ya ɓaci. Ya ce fiye da awa guda ya zauna a ofishinka, bai ga ka taɓa komai ba. In zaman ya ishe ka, akwai wani yaronsa a Tudun Hatsi da ke neman mai tsare masa sito."

Yuguda ya rufe kwalbar man, ya miƙe ƙafar a hankali har ta yi ƙara.

"Akwai kujera a siton?"

"Ban tambaya ba."

"Ki tambaya," ya ce, ya jawo kwanon waina.